Tseren Keke na Zagaya Faransa: Asalinsa da Yadda Ake Cin Sa



Gabatarwa

Keke ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Ya daɗe yana kai malami makaranta, yana kai masinja ofis, yana shigo da mai kayan lambu kasuwa. Amma a wasu ƙasashen Turai hawan keke sana'a ce sosai, akwai waɗanda ba su da wani aiki sai tsere, da shi suke ci da shi suke sha. Mafi girma daga cikin tserensu shi ne wanda ake kira Tour de France, watau Zagayen Faransa, wanda ake yi kowace shekara, galibi cikin watan Yuli. Yana da 'yan'uwa biyu, na Italiya wanda aka fara a 1909, da na Sifaniya wanda aka fara a 1935.

Maƙasudin wannan lacca shi ne amsa wata tambaya da takan ɗaure wa mai kallo kai. A shekarar 2017 Chris Froome na Birtaniya ya ci wannan tsere, alhali kuwa cikin kwanakin tseren duka babu ranar da ya zo na ɗaya. Yaya aka yi haka? Amsar tana cikin abu biyu: yadda ake lissafin lokaci, da kuma aikin mutanen da ba a cika jin sunayensu ba.

Don sauƙin bayani zan ari kalmomi daga tafiyar fatake. Tafiyar yini ɗaya zan kira ta zango. Taron mahaya da ke tafiya a dunƙule zan kira shi ayari. Wanda ƙungiya ta tsayar don ya ci tseren shi ne madugu, waɗanda ke yi masa hidima kuwa barori, domin su ma Faransawa da kalmar da ke nufin yaron gida suke kiran su.

Asalin Tseren

Neman kasuwa ne ya haifi wannan tsere. A farkon ƙarni na ashirin akwai wata jaridar wasanni a Paris mai suna L'Auto, wadda ke gasa da wata mai suna Le Vélo. Wani ma'aikacin L'Auto, Géo Lefèvre, ya ba editansa Henri Desgrange shawara su shirya tseren da zai kewaye ƙasar, don mutane su riƙa sayen jaridar suna bin labarinsa. Aka fara ran 1 ga Yuli, 1903. Mutum 60 suka tashi, 21 suka ƙare. Zango shida ne kawai, amma nisansu duka kilomita 2,428, har ta kai ana tafiya dare da rana. Maurice Garin ne ya ci, ya ba na biyu ratar kusan awa uku.

Tun a shekara ta biyu magudi ya kunno kai. A 1904 aka zargi wasu mahaya da shiga jirgin ƙasa ko mota don yanke hanya, aka soke sakamakon mutum huɗun farko, har da Garin, aka ba wani yaro ɗan shekara 19, Henri Cornet, nasara. Duk da haka tseren ya ɗore. Yaƙe-yaƙen duniya biyu ne kaɗai suka tsayar da shi, daga 1915 zuwa 1918, sa'an nan daga 1940 zuwa 1946.

Dokokin farko suna da tsanani ƙwarai. Ba a yarda kowa ya taimaki mahayi ba in kekensa ya lalace. A 1913 ƙarfen da ke riƙe da tayar gaba ta keken Eugène Christophe ya karye yana gangarowa daga dutsen Tourmalet. Ya saɓi keken ya taka da ƙafa har wani ƙauye, ya shiga maƙera ya gyara da hannunsa, alƙalan tsere suna tsaye suna kallo. Da ya gama sai suka ci shi tarar mintoci, wai don wani yaro ya yi masa zuga. Shi wannan Christophe shi ne ya fara sa riga mai ruwan ɗorawa a 1919, lokacin da aka fito da ita don jama'a su riƙa gane wanda ke kan gaba. An ce an zaɓi wannan launi ne saboda a kan takarda mai ruwan ɗorawa ake buga L'Auto.

Yadda Ake Lissafi

A zamanin nan tseren zango 21 ne cikin kwana 23, da hutun kwana biyu a tsakani. Nisansa yakan kai kilomita 3,300 zuwa 3,500, watau kamar tafiyar Kano zuwa Ikko sau uku. Zango ɗaya yakan yi kilomita 150 zuwa 200, kamar daga Kano zuwa Zariya ko fiye. Kowace ƙungiya tana da mahaya takwas, ƙungiyoyin kuwa sun haura ashirin. Tun 1975 a babban titin Champs-Élysées na Paris ake ƙarewa, ban da 2024 da aka ƙare a birnin Nice saboda wasannin Olamfik.

Kowace rana akan rubuta lokacin da kowane mahayi ya ɗauka, a haɗa da na kwanakin baya, kamar yadda akawu ke tara lissafi a littafinsa. Wanda jimillarsa ta fi ƙanƙanta shi ke sa riga mai ruwan ɗorawa washegari, wanda kuma ya riƙe ta a rana ta ƙarshe shi ya ci tseren. Akwai wata doka mai muhimmanci a nan: duk waɗanda suka iso a dunƙule, lokaci ɗaya ake rubuta musu. Saboda haka wanda ya zo na arba'in cikin ayari bai yi hasarar kome ba. Abin da madugu yake tsoro shi ne rana ɗaya tak da zai gaza, ko ya faɗi, a bar shi baya da mintoci. Kun ga ke nan yadda Froome ya yi nasara: babu ranar da ya ci, babu kuma ranar da ya yi mummunar hasara.

Kishiyar wannan shi ne Mark Cavendish, shi ma ɗan Birtaniya. A 2024 ya ci zango na 35 a rayuwarsa, ya wuce 34 ɗin da Eddy Merckx na Beljiyam ya kafa, amma a jimillar lokaci shi ne na ƙarshe a wannan shekara. Gwani ne na zaburar ƙarshe a shimfiɗaɗɗiyar hanya, in an zo duwatsu kuwa sai ya koma neman isowa kafin lokacin da aka ƙayyade ya cika, don wanda ya makara ana fitar da shi. Irinsu suna da tasu rigar, koriya, wadda aka fito da ita a 1953, kuma da maki ake cin ta. Gwanin hawan dutse yana da fara mai ɗigo-ɗigon ja tun 1975, sa'an nan akwai fara sol ta matashin da ya fi kowa.

Iska da Duwatsu

Duk wanda ya taɓa tuƙa keke yana fuskantar iskar hunturu ya san cewa babban abokin gaban mahayi iska ce. Gwargwadon saurinka, gwargwadon yadda take tokare ka. Wanda ya maƙale a bayan wani yakan rage kusan kashi ɗaya cikin uku na wahalarsa, wanda ke tsakiyar ayari kuwa ya fi haka samun sauƙi. Wannan ne dalilin da ya sa suke tafiya a cure. Sau da yawa wasu 'yan kaɗan sukan ɓalle tun da safe su ba da rata, amma da yake ayari yana da mutane da yawa masu karɓa-karɓar tsaga iska, galibi yakan cim musu kafin ƙarshe.

Wuri biyu ne wannan kariya take raguwa. Na farko shi ne kan duwatsu. An shigar da duwatsun Pyrénées cikin tseren a 1910, manyan tsaunukan Alps kuma a 1911. Hanyar Tourmalet ta kai tsawon mita 2,115 daga bakin teku. A hawa gudu yakan ragu, iska ba ta da tasiri sosai, sai kowa ya koma ga ƙarfin huhunsa da nauyin jikinsa. Na biyu shi ne tseren agogo, inda ake sakin mahaya ɗaya bayan ɗaya, ba a yarda wani ya laɓe a bayan wani ba. A waɗannan wurare ne ake samun ratar da ke raba gardama.

Misalin da ya fi shahara shi ne na 1989. A rana ta ƙarshe Laurent Fignon na Faransa yana gaban Greg LeMond na Amurka da sakan 50, abin da ya rage kuwa tseren agogo ne na kilomita 24.5 daga Versailles zuwa Paris. LeMond ya ɗaura wa kan kekensa wasu ƙarafa da suka ba shi damar tattara hannuwansa ya sunkuya, ya sa hular kwano mai tsaga iska. Ya fi Fignon da sakan 58 a ranar, ya ci tseren na fiye da kilomita 3,000 da sakan 8. Har yanzu ba a sami rata mafi ƙanƙanta daga wannan ba. Gaskiyar masu iya magana, ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Aikin Barori

To, tun da ƙarfi abu ne mai ƙarewa, aikin ƙungiya shi ne ta adana na madugu har zuwa inda ake bukatarsa. Barori ne ke shiga gabansa su sha iska. Su ke komawa baya wurin motar ƙungiya su ɗebo ruwa da abinci, su sake kutsowa gaba. In tayarsa ta yi faci su tsaya su jawo shi har ya cim ma ayari. A kan dutse sukan yi gudu iyakar ƙarfinsu ɗaya bayan ɗaya, wanda ya ƙare ya kauce, har a bar madugu da abokan hamayyarsa a gajiye.

A 1934 wani saurayi ɗan shekara 20, René Vietto, ya fi kowa iya hawan dutse, ya kuma ci zango huɗu. Amma da tayar madugunsa Antonin Magne ta lalace, sai ya cire tasa ya ba shi, ya zauna a bakin hanya yana jiran mota. Washegari keken Magne ya sake samun matsala, Vietto ya juya ya koma baya ya miƙa masa nasa. Magne ya ci tseren, Vietto ya zo na biyar. Wani zai ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Amma masu wannan sana'a sun san haƙƙin juna: bisa al'adarsu, wanda ya ci yakan raba kuɗin kyautar, wanda a 'yan shekarun nan Yuro 500,000 ne, tsakanin abokan tafiyarsa da ma'aikatan ƙungiya. Mutum huɗu ne suka ci tseren sau biyar biyar, watau Jacques Anquetil, da Merckx, da Bernard Hinault, da Miguel Indurain, kuma kowannensu da irin waɗannan mutane a gabansa.

Matsalar Ƙwayoyi

Wahalar tseren da yawan kuɗin da ke cikinsa sun jefa mahaya da yawa cikin amfani da magungunan ƙara kuzari. Ran 13 ga Yuli, 1967, Tom Simpson na Birtaniya ya faɗi ya mutu yana hawan dutsen Ventoux cikin tsananin zafi, aka sami ƙwaya da barasa a jikinsa. A 1998 jami'an kwastan suka kama motar ƙungiyar Festina kusa da iyakar Beljiyam cike da magunguna, har da EPO, wani sinadari mai ƙara jajayen ƙwayoyin jini. Wannan abin kunya na daga cikin dalilan kafa hukumar duniya mai yaƙi da irin wannan magudi a 1999.

Mafi muni shi ne al'amarin Lance Armstrong na Amurka, wanda ya zo na ɗaya sau bakwai a jere, daga 1999 zuwa 2005. A 2012 aka ƙwace nasarorin duka, a 2013 ya amsa laifinsa da bakinsa. Abin lura shi ne, magudin da ƙungiya aka shirya shi, kuma shaidar tsofaffin abokan tafiyarsa goma sha ɗaya na cikin abin da ya tona shi. Ba a ba kowa waɗannan shekaru bakwai ba. A littafin tarihin tseren gurbinsu yana nan babu suna, domin lissafin da aka gina a kan ƙarya ba shi da wanda zai gada.

'Yan Afirka

Sannu a hankali 'yan Afirka suna samun gurbi. A 2013 Daryl Impey na Afirka ta Kudu ya sa riga mai ruwan ɗorawa. A 2015 Daniel Teklehaimanot na Eritiriya ya sa ta gwanin dutse na 'yan kwanaki. A 2024 ɗan ƙasarsu Biniam Girmay ya zama baƙar fatar Afirka na farko da ya ci zango, ya ci uku, ya kuma tafi gida da koriyar riga. A yankinmu ma, Burkina Faso ta fara nata zagayen tun 1987.

Kammalawa

Jama'a, mun ga cewa wannan tsere lissafi ne na mako uku, ana tara shi sakan bisa sakan. Mun ga cewa mutum ɗaya ke hawa dandamali a ƙarshe, amma bakwai ne suka tsaga masa iska, ga makanikai da masu dafa abinci a bayansu. Mun kuma ga abin da ke faruwa in aka ɓata lissafin da ha'inci. Ɗalibin da ke fuskantar shekarun karatu, da ma'aikacin da ke rubuta takardar da wani zai sa wa hannu, ba sa bukatar a yi musu dogon sharhi a kan wannan. In kun sami damar kallon tseren, ina roƙonku kada ku tsaya ga mai riga mai ruwan ɗorawa kaɗai. Ku dubi waɗanda ke gabansa, ku ƙidaya nawa suka rage masa in an fara hawan dutse na ƙarshe, a nan ne yawanci za ku gane inda nasara ta dosa.