Maido da Matsattsen Kwafin Rumbun Bayanai a Wata Sabar

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ake ɗaukar matsattsen kwafin rumbun bayanai a maido da shi a wata sabar, wato kwamfutar da ke riƙe da bayanai tana rarraba wa wasu. Batun ya shafi manazarta harshe, domin ƙamusoshi da tarin matani a yau a irin waɗannan rumbuna suke zaune.

2.0 Kwafi da Matsewa

A tsarin MySQL, manhajar mysqldump ce ke juye rumbu zuwa fayil guda na rubutu, mai ɗauke da umarnin gina kowane tebur da kuma zuba masa abin da ya ƙunsa. Daga nan sai a matse fayil ɗin da gzip, wadda Jean-loup Gailly da Mark Adler suka fitar a 1992. Hikimarta ita ce, duk jerin haruffan da ya maimaitu, akan musanya shi da gajeriyar ishara zuwa inda ya fara bayyana. Saboda haka babu abin da ke salwanta idan an warware.

3.0 Matakan Maidowa

Da farko, akan tura fayil ɗin zuwa sabuwar sabar, a gwada lafiyarsa da umarnin gzip -t, domin yankewar sadarwa kan bar shi guntu. Na biyu, a tanadi isasshen wuri, ganin cewa bayanai kan kumbura ninkin-ba-ninkin bayan warwarewa. Na uku, a buɗe rumbu fanko, a warware fayil ɗin da gunzip a zuba a ciki. Daga ƙarshe, a sake kafa sunayen masu izinin shiga, domin kwafin rumbu guda ba ya tahowa da su.

4.0 Matsalar Haruffa Masu Lanƙwasa

A nan ne haɗari ya fi yawa ga matanin Hausa da Fulfulde. A tsarin UTF-8, bayit biyu ne ke wakiltar kowane harafi mai lanƙwasa. Idan aka karanta su da tsarin latin1, wanda ke ɗaukar kowane bayit a matsayin harafi guda, sai ƙ ya koma Æ™, kalmar ƙasa ta zama Æ™asa. Kafin fitowar MySQL 8.0 a 2018, latin1 ne tsarin da manhajar ke zaɓa da kanta, don haka tsofaffin rumbuna kan ɓoye wannan illa har sai ranar ƙaura. Maganin shi ne a tantance tsarin haruffan tsohon rumbun kafin a juye shi, a kafa sabon bisa utf8mb4, sannan a nemo kalmomi irin su ɓera da ɗaki a duba su da ido.

5.0 Kammalawa

A ranar 31 ga Janairu, 2017, wani ma'aikacin kamfanin GitLab ya share babban rumbunsu bisa kuskure. Da aka nemi kwafin ajiya, sai aka tarar manhajar pg_dump ba ta juye komai, saboda sigarta ta saɓa da ta rumbun. Bayanan kimanin awa shida suka salwanta. Ke nan, ya wajaba kowace cibiyar nazari ta riƙa maido da kwafinta a wata sabar lokaci-lokaci, ta ƙirga layukan kowane tebur ta kwatanta da na asali, tun kafin buƙata ta taso.