Ƙarancin Gidaje a Minna da Unguwannin Awon Igiya

Minna garin jirgin ƙasa ne tun asali. Gwarawa ne a kan duwatsunta, sa'an nan Hausawa da Nufawa da Yarabawa da Ibo suka sauka a gefen tasha bayan da aka shimfiɗa hanyar dogo daga Baro zuwa Kano, wadda aka gama a 1911. Shekara da shekaru garin bai wuce 'yan unguwanni kamar Limawa da Kwangila da Sabon Gari ba.

Ran 3 ga Fabrairu, 1976, Janar Murtala Muhammad ya ƙirƙiro Jihar Neja, aka mai da Minna babban birninta. Nan da nan ma'aikata suka taso daga Sakkwato da iyalansu, 'yan kwangila da leburori da 'yan tireda suka biyo sawu. Kowa kuwa yana bukatar inda zai sa haƙarƙarinsa. A 1983 aka buɗe Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Bosso, ɗalibai suka shiga neman ɗakin haya. Da aka yi ƙidayar 2006, mutanen ƙananan hukumomin Chanchaga da Bosso, waɗanda garin ya mamaye, sun kusa 350,000.

Ba a ce hukuma ta naɗe hannu ba. An zana wa Minna taswirar tsarin gari a 1979, ta shekara ashirin. Gwamnatin Shehu Shagari ta ƙudura gina gidaje 2,000 a kowace jiha kowace shekara, ko da yake abin da aka gina bai kai haka ba. Amma gidajen gwamnati galibi ma'aikaci mai albashi ne ke samu. Mai turin baro da mai sayar da doya a kasuwa ba su da takardar albashin da za su nuna.

To, ina talaka ya nufa? Sai bayan gari. Mai gona ya yanka gonarsa fuloti-fuloti, a auna da igiya, mai unguwa ya shaida, a biya kuɗi. Mai saye ya kafa ɗaki ɗaya ya tare, in ya sami hali ya ƙara wani ya zuba 'yan haya. Ta haka Kpakungu da Barkin Sale da Sauka-ka-huta suka cika maƙil. Sunan ta ƙarshen nan ma kaɗai ya isa labari.

Aibin awon igiya shi ne ba a barin wurin hanya, ko lambatu, ko makaranta. Mai gona ba ya son ya yi asarar taku ɗaya. Saboda haka lungu ya kan ƙuntata har motar kashe gobara ba ta iya shiga, a haƙa rijiya dab da masai, ruwan kwata ya kwanta ya tara sauro. Ruwan sha sai an saya wurin 'yan garuwa. Mafi muni shi ne gini a kan hanyar ruwa. Minna tana gindin duwatsu, in an yi ruwa mai ƙarfi gangarowa yake yi gaba ɗaya, kamar yadda ambaliyar 1986 ta nuna, wadda bayanta aka gina manyan magudanan kankare da suka ratsa garin. Abin takaici, wasu sun mai da su juji.

Wajibi ne mai niyyar sayen fili ya san cewa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birni a hannun Gwamna, amana domin jama'a. Watau takardar ciniki da mai unguwa ya sa wa hannu ba ta zama takardar shaidar mallaka ba. Kafin a biya ko kwabo, sai a je ofishin filaye a duba ko wurin yana cikin awon gwamnati, ko kuwa an keɓe shi don hanya ko wayar lantarki. Kafin a haƙa harsashi kuma, a kai zanen ginin ga Hukumar Raya Birane ta Jihar Neja ta amince. Ginin da aka yi ba da izni ba ana iya shafa masa jan fenti a rushe shi, mai shi kuma ba lalle ne a biya shi diyya ba.