Sauya inji a motocin akori-kura

Sauya inji shi ne cire injin da mota ta zo da shi a sa wani, ko don na farkon ya gaji, ko don a ƙara wa motar ƙarfin jan kaya. Aiki ne da ya zama ruwan dare a motocin akori-kura, irin waɗanda ke kwasar masara da dawa daga ƙauyukan Ƙaraye da Rogo, kamar Turawa, zuwa kasuwanni. Yawancin injinan na hannu ne, kuma Ƙofar Ruwa a birnin Kano na cikin manyan kasuwannin da ake sayensu.

Dangin inji

Kamfanoni kan ƙera injina dangi-dangi a kan tsari ɗaya, shi ya sa 'yan gida ɗaya suka fi saurin dacewa da juna. Injin Peugeot 404 mai cc 1,618 shi ne tushen na 504 mai cc 1,796 da mai cc 1,971, kuma dukkansu a kishingiɗe suke zama. Kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, abin da ya sa kayan gyaransu suka wadata a Arewa.

Haka abin yake a Toyota Hilux, wadda aka fara ƙerawa a 1968. Injinanta na dizal 2L (lita 2.4), 3L (lita 2.8) da 5L (lita 3.0) dangi ɗaya ne. A ɓangaren fetur kuwa, 22R (lita 2.4) da kafireto yake aiki, shi kuma 3RZ-FE (lita 2.7) kwamfuta ce ke auna masa mai. Wanda zai koma na biyun sai ya haɗa da kwamfutar, da wayoyinta, da famfon mai mai ƙarfin turi.

Abubuwan da ake dubawa

Kafin a ɗaura inji, bakanike kan duba ko ramukan kusoshinsa sun yi daidai da bakin giyabos, ko kuloci zai iya ɗaukar ƙarfinsa, da ko ƙafafunsa za su zauna a mazauninsu ba tare da walda ba. Babban inji ya fi fitar da zafi, don haka ƙaramin lagireto kan sa ya tafasa har gaskit ya ƙone. Dizal ba ya juyawa da sauri kamar fetur. Idan aka bar masa giyar motar fetur, gudun motar kan ragu.

Haɗari

Ƙarin ƙarfin inji ba ya ƙara ƙarfin birki, sifirin ko tayoyi. Motar za ta ja lodin da ya wuce ƙima, amma tsayar da ita a gangara zai yi wuya, musamman a hanyar burji da damina. Haka kuma ana rubuta lambar inji a takardun mota, saboda haka wajibi ne a sabunta su bayan sauyin.