Gargaɗi ga Jama'ar Madabo: A Daina Zuba Ragowar Magani a Kwata da Masai

Iyayenmu, malamanmu, matan gida da masu kemis na Madabo da kewaye, don Allah a saurara. Ragowar maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake watsawa a kwata ko a masai, irin su ja da yalo, Flagyl, Septrin da Ampiclox, ba ɓacewa yake yi ba. Lambatu na kwasarsa zuwa Jakara, ya bi ta lambunan da ake ban-ruwan latas da kabeji, har dam ɗin Wasai. Na cikin masai kuwa yana iya tsatsafowa cikin rijiya, musamman a gidajenmu na cikin birni inda taku kaɗan ke raba shadda da rijiya, alhali mita 30 masana ke so a bari. Ko wanda aka sha ma, kaso mai yawa na fita ta fitsari da bayan gida da ƙarfinsa.

Kada hasken ruwa ya ruɗe ku. Ido ba ya ganinsa, harshe ba ya jinsa. Kafso ɗaya mai miligiram 250, idan ya narke a ruwa lita miliyan 2 da rabi, wato jarkar 'yan ga-ruwa dubu 100, na'urar ɗakin gwaji za ta iya kamo shi. Ana ɗebo ruwan a kwalba mai duhu, a sa ta cikin ƙanƙara, a bi da shi ta wata 'yar matata da ke riƙe maganin ta saki ruwan. Sai a wanko abin da ta riƙe, wata na'ura ta rarrabe sinadaran ɗaya bayan ɗaya, wata kuma ta auna nauyin kowanne ta faɗi sunansa da yawansa. Da irin wannan aiki masanan Jami'ar York ta Ingila suka bayyana a 2019 cewa, cikin wurare 711 da suka gwada a kogunan ƙasashe 72, kashi 65 cikin ɗari na ɗauke da waɗannan magunguna, kuma Najeriya na cikin ƙasashen da abin ya fi wuce kima.

Wani zai ce, ɗan wannan me zai yi wa mutum? Ai ba guba ce mai kayarwa nan take ba. Ƙwayar cuta ce ke haɗuwa da maganin da bai isa ya kashe ta ba, masu rauni su mutu, masu taurin kai su hayayyafa, har su ba wa wasu ƙwayoyin wannan taurin. Ranar da yaro ya kwanta da taifot ko gudawa, a yi ta ba shi magani kamar ana ba shi ruwa. A birnin Haidarabad na Pakistan, a 2016, taifot ɗin da ya gagari yawancin magunguna ya ɓarke, kuma gurɓataccen ruwa ne ya yaɗa shi. Binciken da mujallar Lancet ta buga ya nuna irin waɗannan cututtuka sun kashe mutum miliyan 1.27 a 2019 kaɗai, kuma gwargwadon yawan jama'a, babu yankin da ya kai Afirka ta Yamma asara.

A ci gaba da tafasa ruwan sha, domin yana kashe ƙwayoyin cutar, amma a sani tafasawa da alif ba sa tabbatar da fitar maganin. Gyaran daga gida yake. Kada a sayi kafso biyu ko uku don mura, wannan magani ba ya yi mata komai. A sha yadda likita ya rubuta. Wanda ya rage ko ya lalace a mayar wa mai harhaɗa magunguna, shi ya miƙa wa hukumar NAFDAC. Masu kiwon kaji a soro da bayan gida su daina tuttular da ruwan maganin kaji a kwata.

Masu unguwanni da limamai, a sanar a masallatai, a kuma haɗa kai a nemi hukumar ruwa ta jiha da masanan Jami'ar Bayero su gwada rijiyoyi da burtsatsen unguwa. Duk wanda ya kwana uku yana shan magani zazzaɓi bai sauka ba, kada a canza masa wani a kemis. A kai shi asibiti, a nemi gwajin da zai nuna maganin da cutar ke ji.