Ruwan zafin da masana'antu ke zubarwa a kwata

A bayan masana'antu da yawa masu aiki da tururi, ko na tatsar man gyaɗa ne ko na rini ko na sukari, akan ga kwata tana tashin farin hayaƙi. Ruwan da ke gudu cikinta tururi ne da ya gama aiki ya koma ruwa, kuma kuɗin mai ne ke bin rariya. An riga an tace shi, an raba shi da gishirin da ke yin ɓawo a cikin tukunyar tururi, ga zafinsa dab da tafasa. Injiniyoyi sun ƙiyasta cewa duk digiri 6 da aka ƙara wa ruwan da ke shiga tukunya yana rage kusan kashi 1 cikin 100 na man da ake ƙonawa. Ke nan wanda ya ciyar da tukunyarsa da ruwa mai digiri 90 maimakon na rijiya mai digiri 30 ya tsira da kusan kashi 10.

Bakanike zai ce ruwan zafi yana kashe famfo, kuma yana da hujja. A bakin famfo matsi kan ragu, ruwan da ke dab da tafasa sai ya tafasa nan take, ya yi kumfa. Kumfar na isa inda matsi ya ƙaru sai ta rushe da ƙarfi, a ji ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, farfela ta yi ramuka kamar gara ta ci ta. Amma laifin na tsari ne. A ɗaga tankin da ke tara ruwan zafin sama da famfo sosai, a sa masa bututu mai faɗi, gajere, marar kwana da yawa, nauyin ruwan da kansa zai hana shi tafasa.

Wasu kuma sukan sayi famfon da ya fi buƙata girma, wai rigakafi, sannan su matse bawul don rage ruwan. Wannan sukuwa ce da doki ana ja masa linzami: wuta na tafiya, ƙarfe na cin wuya. Maimakon matse bawul, rage gudun famfo da kashi 20 cikin 100 yana iya rage wutar da yake sha da kusan rabi, ko da yake famfon da ke tura ruwa cikin tukunya mai matsi ba ya samun rangwamen duka.

Saura batun tsada. Bututun dawo da ruwa da tanki da naɗe su don riƙe zafi sau ɗaya ake biya, mai kuwa kullum ake saye. Tun 1765 James Watt ya gane cewa injin tururi na Newcomen yana cin kwal ne saboda zafin da yake zubarwa a kowane bugu. Ko ruwan da ya gurɓata da mai ko rini, wanda bai halatta ya koma tukunya ba, ana iya bi da shi ta jikin bututun ruwan sanyi ya ɗumama shi kafin a sake shi kwata.