“Ba ya cikin tsari”: Yadda ake ɗaukaka ƙara idan inshorar lafiya ta hana maganin barci

Da kalmomi huɗu ake sallamar mai katin inshorar lafiya daga tagar ɗakin magani: “Ba ya cikin tsari.” Likita ya duba mutum, ya rubuta masa magani, amma mai ba da maganin ya juya takardar ya miƙo masa abarsa. Yawancinmu sai mu ce Allah Ya kyauta, mu tsallaka titi zuwa kemis mu saya da kuɗin aljihunmu. Wanda ba shi da hali kuwa ya koma gida ya ci gaba da kwana ido biyu.

Masu larurar barci suna da nasu dalili na musamman na cin karo da wannan amsa, domin da yawa daga cikin magungunan da ake ba su, tun asali ba don barci aka yi su ba.

Kowane magani da hukumar NAFDAC ta yi wa rajista yana zuwa da ’yar takarda a cikin kwalinsa, wadda ke faɗin cututtukan da aka amince a sha shi dominsu. Amma likita yana da damar rubuta shi domin wata larura daban, muddin akwai hujjar ilimi a kai. Wannan tsohon abu ne a aikin likita. Misoprostol, wanda yau kowace ungozoma ta san shi, maganin kare ciki daga olsa ne tun farko. Likitoci sun daɗe suna tsayar da zubar jini bayan haihuwa da shi kafin takardu su biyo baya, kuma a 2006 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta yi masa rajista domin wannan aiki.

Haka abin yake a ɓangaren barci. Amitriptyline maganin ciwon damuwa ne da aka amince da shi a Amurka tun 1961, amma likitoci kan ba da ɗan kaɗan daga cikinsa da dare, miligiram 10 ko 25, ga mai rashin barci, musamman wanda ciwon jijiya ke hana shi runtsawa. Clonazepam maganin farfaɗiya ne, amma ana ba da shi ga wanda ke naushi da shuri cikin mafarki har ya ji wa abokin kwanansa ciwo. Sai kuma masu larurar yawan barci, waɗanda barci ke sacewa a aji, a ofis, ko kan babur. Mu malamai mun san irin ɗalibin nan da kullum kansa na kan tebur, an yi faɗa an yi bulala a banza. Wani ba lalaci ne ke damunsa ba. Akwai nau’in wannan larura da ba a gano musabbabinsa ba, kuma sai a 2021 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da magani na farko dominsa, mai suna Xywav. Kafin nan modafinil ake ba su, wanda aka amince da shi a 1998 domin wata cutar barci daban.

To, ma’aikacin kamfanin inshora da ke zaune gaban kwamfuta bai ga majinyaci ba. Abin da ke gabansa shi ne sunan cuta a gefe guda, sunan magani a ɗaya gefen. In ba su dace da abin da ke cikin jadawalinsa ba, sai ya ƙi. Kuma a yi masa adalci, yana da abin tsoro. Duk wanda ya zauna a Kano ya san ɓarnar da ƙwayoyin sa barci irin su baliyam da rochi suka yi wa matasa da matan aure, ya kuma tuna yadda gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018. Amma wannan tsoro bai isa ya sa a soke hukuncin likita ba tare da ko layi ɗaya na bayani ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke karɓar wannan “a’a” kamar masu roƙo. Don a gane bambancin, a leƙa gabashin Sudan. A Jihar Gadarif, inda zuriyar Hausawa mahajjata suka daɗe da zama, akwai sansanin ’yan gudun hijira na Um Rakuba. Ya taɓa karɓar mutanen Habasha lokacin yunwar shekarun 1980, aka rufe shi, sannan aka sake buɗe shi a watan Nuwamban 2020 domin waɗanda yaƙin Tigray ya koro. Ƙungiyoyin agaji irin su MSF ne ke ba da magani a can, kyauta. Wanda ya ga kisa da idonsa ba ya rasa matsalar barci, amma in ya je aka ce maganin ya ƙare, shi ke nan. Bai biya kowa ba, ba shi da yarjejeniya da kowa. Ga shi tun 15 ga Afrilun 2023 ita kanta Sudan ɗin ta faɗa yaƙi, ’yan ƙasa ma neman mafaka suke yi.

Ma’aikacin Kano ko Katsina kuwa kowane wata ana yankar albashinsa kafin ya ji ƙarar alat. Kuɗinsa ne. Dokar da Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Mayun 2022, wadda ta mayar da NHIS zuwa NHIA, ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa, ta kuma ɗora wa hukumar sa ido kan kamfanonin HMO da asibitoci. A Kano akwai hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, KSCHMA, wadda aka yi dokarta a 2016. Mai kati a ɗaya daga cikin waɗannan yana da wurin kai kuka, kuma ana kaiwa. Rahoton NHIA na 2024 ya nuna ta karɓi koke 3,507, ta hukunta asibitoci 49 da kamfanonin HMO 47.

Matakin farko a bakin tagar yake: a tambayi wace irin “a’a” ce. Wani lokaci maganin yana cikin jerin magungunan hukuma, ƙarewa ya yi a asibitin. Wannan laifin asibiti ne, kuma nauyin samo shi na kansu. A tsarin ma’aikatan tarayya kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani kawai mai kati ke biya. Wani lokaci likita ya rubuta sunan kamfani mai tsada alhali tsarin yana biyan gama-garin nau’insa, to nan gyaran biro ne kawai. Wani lokaci kuma kamfanin HMO ne ya ƙi ba da lambar amincewa, wadda ake kira kod. Tun 1 ga Afrilun 2025 NHIA ta ba kamfanonin wa’adin awa ɗaya su ba da wannan lamba, ko su sanar cewa sun ƙi bisa dalili. Saboda haka “ka dawo jibi, kod bai zo ba” ba amsa ba ce.

Sai a nemi dalilin a rubuce, da kwanan wata da sunan jami’in. In an ƙi rubutawa, mutum ya rubuta da kansa: rana kaza, ƙarfe kaza, a taga kaza aka ce mini kaza. Ya ɗauki hoton takardar likita da wayarsa. In dole ta sa ya saya a waje, ya karɓi rasit ya adana, domin da shi ake neman a mayar da kuɗi.

Amma ƙashin bayan ƙarar ita ce wasiƙar likita, kuma nan ne yawancin koke ke mutuwa. Wasiƙar da ta ce “majinyacina yana buƙatar wannan magani” ba ta motsa kowa. Wadda ke aiki ita ce mai faɗin sunan larurar, tun yaushe ta fara, waɗanne magunguna na cikin jadawali aka gwada, me ya faru da aka gwada su, da kuma hujjar da ta sa aka zaɓi wannan. Ta kuma faɗi abin da ke cikin haɗari: direban da ke gyangyaɗi a hanyar Zariya, ko malamar da ta kusa rasa aikinta. In likitan asibitin farko ya tura mutum wurin ƙwararre, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna ko na Kware a Sakkwato, maganar ta fi nauyi. Majinyaci ma na iya taimaka wa likitansa da ɗan littafi: ƙarfe nawa ya kwanta, sau nawa ya farka, yaushe barci ya ɗauke shi da rana, na tsawon mako biyu.

Da waɗannan takardu ake zuwa teburin inshora na asibiti, sannan kamfanin HMO, sannan ofishin NHIA na jiha ko hukumar taimakekeniya ta jiha. In duk an yi shiru, akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama’a da aka kafa tun 1975, da kuma hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC. Kowace takarda a yi ta biyu, a sa a buga wa ɗaya hatimin karɓa. Ma’aikaci ya sa ƙungiyarsa a ciki. Wasiƙa mai tambarin NUT ba a jefa ta a aljihun tebur da sauƙi.

Kada a ɗauka wannan sanyin jiki namu ne kaɗai. A Amurka doka ta ba mutum kwana 180 ya ɗaukaka ƙara a cikin kamfani, sannan ya nemi wani mai zaman kansa ya sake duba hukuncin. Duk da haka binciken cibiyar KFF ya nuna waɗanda ke ɗaukaka ƙarar ba su kai ɗaya cikin ɗari ba.

Wani hanzari ba gudu ba: ba kowace “a’a” ce zalunci ba. Ƙungiyar likitocin barci ta Amurka a 2017 ta ba da shawarar a daina ba da trazodone domin rashin barci, duk da yawan rubuta shi da ake yi a can, saboda hujjarsa ba ta da ƙarfi. Amitriptyline na busar da baki, yana da haɗari ga mai ciwon zuciya da tsofaffi, kuma yawansa na kisa. Mai minshari da numfashinsa ke ɗaukewa cikin dare, ƙwayar sa barci na iya ƙara masa matsala. Shi ya sa wanda aka hana magani kada ya je kemis ya ce a ba shi “mai kama da shi”. Wanda kuma ya riga ya daɗe yana shan irin su clonazepam, yanke shi rana ɗaya na iya jawo jijjiga, don haka ya koma wurin likitansa a ranar da aka hana shi, a tsara abin da zai riƙa sha kafin amsar ƙarar ta fito.