Jerin da apt ke nema kafin komai

Tara fayilolin .deb a folda ɗaya bai mayar da ita rumbun manhajoji ba. A Debian da Ubuntu, apt jerin kaya yake karantawa, wato fayil mai suna Packages. Umarnin dpkg-scanpackages ne ke rubuta shi: ya buɗe kowane ƙunshin .deb, ya kwaso sunansa, sigarsa, manhajojin da ya dogara da su, sannan ya lissafa lambar SHA256 mai tabbatar da bai lalace a hanya ba. Inda data ke tsada, haɗa irin wannan rumbun babban sauƙi ne, kwamfuta ɗaya ta sauke, saura su ɗiba daga wurinta. Amma duk sanda aka ƙara sabon ƙunshi, sai an sake rubuta jerin an yi apt update, in ba haka ba apt bai san da zuwansa ba.